AMSOSHIN WASIƘUNKU: Shuɗin rubutu a jadawalin farashi, wa ke zaɓar inda zai buɗe?

Wannan shi ne bayanin da aka gabatar a filin amsa wasiƙun masu saurare na wannan mako. Mun buga shi domin waɗanda shirin ya wuce su, da kuma waɗanda ke son bin matakan a tsanake, waya a hannu.

   

Jakar wasiƙunmu ta wannan mako ta karkata ne wajen bakin iyaka. Wasiƙu huɗu muka ware, uku daga Magama da kewayen Jibiya, ɗaya kuma daga tsallake, wato Maraɗi. Dukkansu a kan abu guda suke tambaya, shi ne shuɗin rubutun nan mai layi a ƙarƙashinsa da ake gani cikin jadawalin lissafi na waya ko na kwamfuta, wanda da zarar an taɓa shi sai ya ɗauki mutum ya kai shi wani shafi na intanet. Masu wasiƙun sun roƙi a sakaya sunayensu, mun kuwa sakaya.

Ba abin mamaki ba ne da tambayar ta fito daga wannan yanki. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai a watan Afrilu na 2022. Aka sake rufe ta a Agustan 2023 bayan juyin mulkin da aka yi a Nijar ranar 26 ga Yuli, sai a watan Maris na 2024 aka buɗe. A farkon 2023 kuma aka yi ƙarancin takardun naira, wanda ya tilasta wa mutane da yawa koyon tura kuɗi ta waya. Duk wannan ya koya wa ɗan kasuwar iyaka ya nemi labarin farashi da na hanya kafin ya yi lodi, ya kuma ajiye jarinsa a banki maimakon aljihu. Wato yanzu wayar da ake duba farashi da ita, ita ce kuma mabuɗin asusu. Shi ya sa maganar tamu ta yau ba ta wasa ba ce.

WASIƘA TA FARKO

Wani Alhaji mai fataucin wake da gero daga Magama ya ce abokin cinikinsa na kasuwar Dawanau a Kano yana turo masa jadawalin farashi ta WhatsApp kowane mako. A gefen kowane kaya akwai shuɗin rubutu mai cewa a danna a ga hoton hatsin. Ya ce a wayar ɗansa hoton yakan buɗe cikin Chrome ba wata matsala, amma a tasa wayar sai ya buɗe a wani wuri dabam mai yawan talla, ya cinye masa data, wani lokaci ma ya ƙi buɗewa. Yana tambaya, shin mai turo jadawalin ne ya tsara haka, ko kuwa wayarsa ce ta lalace?

To Alhaji, Allah ya ba da kasuwa. Wayarka lafiyarta lau, abokin cinikinka kuma ba shi da hannu a ciki. Amma bari mu fara daga tushe kamar yadda ake yi a aji, don kowa ya tafi tare da mu.

Abubuwa uku ne a nan. Na farko shi ne jadawalin kansa. Takarda ce mai gida-gida kamar littafin akawu, layuka a kwance, layuka a tsaye, sai dai ita wannan tana yin tarawa da ɗebewa da kanta. Wadda ta fara shahara a duniya ita ce VisiCalc, a Amurka a 1979. Excel na kamfanin Microsoft ya fito a 1985, Google Sheets kuma a 2006. A wayoyinmu da yawa za ka tarar da WPS Office ne ke buɗe irin waɗannan takardu.

Na biyu shi ne shuɗin rubutun, wanda za mu kira mahaɗi, samari kuma suna ce masa link. Mahaɗi ba hoto ba ne, ba kuma shafi ba ne. Adireshi ne kawai aka naɗe a cikin rubutu.

Na uku shi ne burauza, wato manhajar da ke zuwa adireshin ta ɗauko shafin ta nuna maka. Chrome burauza ce, haka Opera Mini, haka Firefox, haka Edge, haka Safari ta wayar iPhone.

Alhaji, ka san yadda ake yi a tashar mota. Fasinja ya zo ya ce Katsina za shi. Ɗan kamasho ba shi ke tuƙi ba, iyakarsa ya kama jakar fasinja ya miƙa shi ga motar da ke kan layi. To jadawali ɗan kamasho ne. Idan ka danna mahaɗi, sai ya miƙa adireshin ga wayar, ita kuma ta ba burauzar da ke kan layi. Wadda ke kan layi a wayar ɗanka Chrome ce, a taka kuwa wata ce dabam, wataƙila wadda ta zo da wayar tun daga kwali, ko wadda wani yaro ya sa maka a wajen caji. Abin daɗin shi ne a wannan tashar kai ne shugaban 'yan kamasho. Kai ke da ikon cewa ga motar da za ta hau layi.

Ga yadda ake yi a wayar Android, irin su Tecno da Infinix da itel da Samsung. Ka shiga inda aka rubuta Settings, mai alamar ƙaramin gargare. Ka nemi Apps, a ciki ka nemi Default apps, sa'an nan Browser app. Za ka ga jerin burauzocin da ke wayar, sai ka taɓa wadda kake so. Sunayen sukan ɗan bambanta daga waya zuwa waya, saboda haka in ka rasa, ka rubuta kalmar default a gurbin bincike da ke saman Settings, za ta kai ka wurin. Mai iPhone ma tun 2020 an ba shi damar sauya Safari da wata, a cikin Settings ɗinsa.

Wani lokaci wayar da kanta takan tambaya, ta jero burauzoci ta ce Just once ko Always. Na farkon yana nufin wannan karon kaɗai, na biyun kuma kullum. Mutane da yawa a nan suke ɗaura wa kansu, su danna Always cikin gaggawa, daga ranar kuwa wayar ba za ta ƙara tambaya ba. In haka ta faru, hanyar da na faɗa ɗazu ita ce ke warware ta.

Wace burauza za ka zaɓa? Ya danganta da buƙata. Opera Mini takan bi da shafi ta injinan kamfaninta a matse shi kafin ya iso wayarka, shi ya sa take tsimin data, kuma takan jure inda sabis ba shi da ƙarfi. Amma in an matsa tsimin ya kai maƙura, wasu shafuka na cika fom ba sa aiki daidai a cikinta. Don kallon hoton wake da karanta labari ta wadatar. Don cika takarda mai muhimmanci, gara Chrome ko Firefox.

Saura abu ɗaya, Alhaji. Akwai manhajojin da ba sa miƙa fasinja ga motar layi, suna da 'yar motarsu ta cikin gida. Facebook na daga cikinsu, haka wasu manhajojin buɗe jadawali. Idan ka ga shafi ya buɗe amma ba a burauzar da ka zaɓa ba, ka duba ɗigo uku da ke kusurwar sama, yawanci akwai inda aka ce Open in browser ko Open in Chrome. In babu, ka kwafi adireshin, ka buɗe burauzarka da kanka ka liƙa shi.

WASIƘA TA BIYU

Wannan ta fito ne daga sakataren wata ƙungiyar manoman rani da ke noma a ƙarƙashin dam ɗin Jibiya. Ya ce an turo wani jadawali cikin zaurensu na WhatsApp, wai sunayen waɗanda za a ba tallafin taki ne. Gaban kowane layi akwai shuɗin rubutu da ya yi kama da adireshin gwamnati, an ce kowa ya danna ya tabbatar da sunansa. Wani daga cikinsu ya danna, sai shafin ya nemi lambar BVN da lambar katin ATM da lambar sirri. Ya tsaya bai cika ba, ya zo ya tambayi sakatare. Shi kuma sakatare yana tambaya, tun da adireshin gwamnati ne a rubuce ƙuru-ƙuru, ta yaya zai zama na ƙarya?

Malam sakatare, ka gai da wannan manomi, ka ce masa ya yi hankali, Allah ya tsare shi. Jama'a a kasa kunne a nan, don wannan ita ce zuciyar shirinmu na yau.

Kowane mahaɗi fuska biyu gare shi. Akwai sunan da ido ke gani, akwai kuma adireshin da aka ɓoye a ƙarƙashi. Wanda ya tsara jadawalin shi ke rubuta duka biyun, kuma babu abin da ya tilasta masa su zama ɗaya. A cikin Excel da Google Sheets akwai wani umurni mai suna HYPERLINK. Abu biyu ake ba shi, na farko inda za a je, na biyu abin da za a nuna. Mutum na iya rubuta adireshin gidansa a na farko, ya rubuta sunan ma'aikatar gona a na biyu. Kamar mota ce aka kafa mata allo an rubuta Maraɗi, alhali direba daji ya nufa. An yi wannan tsari ne don sauƙi, don kada dogon adireshi ya cika gida, amma ɓarawo ma ya gane amfaninsa.

Saboda haka kada a yarda da allo, a leƙa ƙarƙashi. A kwamfuta, kada ka danna gidan da linzami. Ka yi amfani da maɓallan kibiya ka taka zuwa kansa, sa'an nan ka dubi dogon gurbin nan da ke saman jadawali. In da umurnin HYPERLINK aka yi shi, za ka ga adireshin gaskiya a wurin. In ba ka ga komai ba sai sunan, ka danna maɓallin dama na linzami ka zaɓi Edit Hyperlink, adireshin zai fito a ƙasa. Ɗora kibiya a kan rubutun ba tare da dannawa ba shi ma yakan nuna adireshi, amma kada a dogara da shi ɗari bisa ɗari, domin Excel ya ba mai tsarawa damar rubuta abin da ya ga dama a wannan ɗan allo. A waya kuma, Google Sheets ba ya buɗe mahaɗi da taɓawar farko, yakan fara nuna shi tukuna. A wasu manhajojin, in ka ɗora yatsa ka riƙe, za ka samu zaɓin kwafar adireshin. Ka kwafa, ka liƙa shi a wurin rubuta saƙo, ka karanta shi da idonka kafin ka je.

To in an ga adireshin, yaya ake karanta shi? Ga ƙa'ida mai sauƙi. Ka tsallake https da sanduna biyu na farko. Ka bi rubutun har ka iso karkatacciyar sanda ta farko, ka tsaya. Abin da ke dab da wannan sanda ta hagu, shi ne sunan mai gida. Alal misali, adireshin hukumar kwastan shi ne customs.gov.ng, na Babban Bankin Nijeriya kuma cbn.gov.ng. Ƙarshen nan na gov.ng an keɓe shi ne ga hukumomin gwamnatin Nijeriya. Amma in ka ga an rubuta customs.gov.ng sa'an nan aka ci gaba da ɗigo da wani suna, aka ƙare da com ko xyz kafin sandar, to mai gidan shi ne wancan suna na ƙarshe, sunan kwastan ado ne kawai aka rataya a ƙofa. Haka in aka sauya ɗigo da 'yar gajeriyar sanda a kwance, ko aka sa sifili a madadin harafin o. Akwai kuma gajerun adireshi irin masu farawa da bit.ly. Su ba laifi ba ne a kan kansu, amma suna rufe sunan mai gida ruf, kuma ba a cinikin biri a sama.

Wani zai ce ai ya ga alamar kwaɗo ko harafin s a ƙarshen http. Wannan yana nufin an rufe hanyar da ke tsakaninka da shafin ne, don kada na gefe ya leƙa. Bai ce mai shafin mutumin kirki ba ne. Ɓarawo ma yana da kwaɗo a ƙofarsa. Saboda yawan ruɗin da alamar ke jawowa ne ma Chrome ya cire ta daga gefen adireshi a 2023.

Ko da an kasa duk wannan bincike, akwai ma'aunin da ba ya buƙatar boko. Banki ba ya tambayar lambar sirrin katinka, ba ya tambayar lambar nan da ake turowa ta saƙo mai suna OTP, ba ta waya ba, ba ta mahaɗi ba. Wanda zai ba ka taki ba ya buƙatar mabuɗin asusunka. Lambar BVN, wadda aka fara a 2014, ita da ta NIN, kowace lamba 11 ce, a riƙe su kamar takardar gona, ba kowa ake miƙa wa ba. In labarin tallafi ya zo, a taka a tambayi malamin gona na KTARDA ko sashen aikin gona na ƙaramar hukuma. Matambayi ba ya ɓata.

In kuwa wani ya riga ya cika, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya kira bankinsa nan take ta lambar da ke bayan katinsa a rufe katin, ya sauya lambar sirri, ya je reshe da ƙafarsa. A irin wannan hali awa guda ma tana da yawa. Kai kuma sakatare, ka goge jadawalin daga zauren, ka yi sanarwa da murya don waɗanda ba sa karatu.

WASIƘA TA UKU

Wani matashi mai shagon kwamfuta a Magama, wanda ke buga wa 'yan kasuwa da direbobi takardu, ya aiko da tambayoyi uku a ƙunshe. Ya ce duk lokacin da ya rubuta adireshin imel ko na shafi a Excel sai ya rikiɗe ya zama shuɗi, in ya zo gyara sai ya tsinci kansa a intanet. Na biyu, ya riga ya shiga wani shafi da kalmar sirrinsa a burauza, amma in ya danna mahaɗin shafin daga Excel sai a sake mai da shi ƙofar shiga. Na uku, yana son mahaɗin ya riƙa buɗewa a Firefox, kuma a sabon shafi, ba tare da jadawalin ya ɓace ba.

To samari, sannu da ƙoƙari, Allah ya yi wa sana'a albarka. Mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Rikiɗewa zuwa shuɗi aikin Excel ne da kansa, yana ganin taimako yake yi. In sau ɗaya ne, da ka rubuta ya zama shuɗi ka danna Ctrl da Z tare, zai koma baƙin rubutu. In kana son ya daina gaba ɗaya, ka bi File, Options, Proofing, AutoCorrect Options, sa'an nan AutoFormat As You Type, ka cire alamar da ke gaban layin da ke maganar Internet and network paths. Waɗanda suka riga suka zama shuɗi kuma, ka zaɓe su duka, ka danna dama, ka zaɓi Remove Hyperlinks. Rubutun zai tsaya, ƙofar ce kawai za a toshe. In kuma kana son mahaɗin ya zauna amma ka gyara gidan, ka danna ka riƙe na ɗan lokaci har kibiya ta koma alamar tarawa, sa'an nan ka saki. Masu amfani da LibreOffice Calc, wanda kyauta ne, su an hutar da su, domin a can sai an haɗa da Ctrl mahaɗi ke buɗewa.

Tambayarka ta biyu ta daɗe tana damun ma'aikatan ofis a duniya. Dalili shi ne Excel na kan Windows ba ya miƙa adireshin kai tsaye. Yakan fara zuwa da kansa ya ƙwanƙwasa ƙofar ya ga ko tana nan. Shi kuwa ba ya ɗauke da shaidar shigarka, tana wurin burauza. Mai gadin shafin ya ga baƙo ba shaida, sai ya nuna masa ƙofar rajista, shi kuma Excel ya ɗauko adireshin ƙofar rajistar ya miƙa wa burauza. Magani mafi sauƙi shi ne ka kwafi adireshin ka liƙa a burauza da hannunka. Akwai gyaran da Microsoft ya bayyana, wanda ake yi a can cikin rajistar Windows, mai suna ForceShellExecute, amma wannan wuri ne da kuskure kaɗan ke iya hana kwamfuta tashi. A bar wa gwani.

Ta uku kuma, babu wani wuri a cikin Excel da ake zaɓar burauza. Windows yake tambaya wace ce ke kan layi. Ka shiga Settings, Apps, Default apps. A Windows 10 ka nemi Web browser ka sauya, a Windows 11 ka taɓa sunan Firefox ka danna Set default. Daga nan duk mahaɗin Excel can zai nufa. In har yanzu Internet Explorer ke buɗe maka, ka sani Microsoft ya yi masa ritaya tun 15 ga Yuni 2022, bai kamata a shiga harkar kuɗi da shi ba.

Zancen sabon shafi kuwa, in jadawalin a cikin Excel yake, ba ya ɓacewa, yana nan a bayan burauza. In a Google Sheets kake cikin burauza, shi ma sabon shafi yake buɗewa. Inda matsalar take shi ne in an mai da jadawali shafin intanet aka ɗora shi, a nan mahaɗi kan iya ture jadawalin ya zauna a wurinsa. Sai ka riƙe Ctrl yayin dannawa, a waya kuma ka ɗora yatsa ka riƙe ka zaɓi Open in new tab.

WASIƘA TA HUƊU

Ta ƙarshe daga wata Hajiya ce mai sayar da atamfa a Maraɗi, wadda ke saro kaya daga Kantin Kwari ta biyo da su ta Magama da Ɗan Isa. Ta ce wayarta da Faransanci take, bayanin da ake yi da sunayen Turancin Ingilishi ba ta ganin su a ciki. Ta kuma ce in ta iso bakin iyaka ta buɗe mahaɗi, kuɗin wayarta kan ƙare nan da nan.

Hajiya, a gai da mutanen Katsinar Maraɗi. Hanya ɗaya ce, suna ne ya bambanta. Settings shi ne Paramètres, Apps shi ne Applications, Default apps kuma Applications par défaut, burauza ita ce Navigateur. Toujours shi ne kullum, sai a kula kafin a taɓa shi. A Excel na Faransanci umurnin HYPERLINK sunansa LIEN_HYPERTEXTE, kuma jadawalin da aka yi a Kano zai buɗe a Maraɗi ba tare da an sauya komai ba. Adireshin da aka yi wa rajista da sunan Nijar yana ƙarewa ne da ne, kamar yadda na Nijeriya ke ƙarewa da ng.

Zancen ƙarewar kuɗi kuwa ba laifin mahaɗi ba ne. A bakin iyaka sabis na ƙasashen biyu yana cuɗanya, layin Nijar kan iya kama na Nijeriya, na Nijeriya ya kama na Nijar, a shiga cajin baƙunta mai tsada. Ki kashe abin da ake kira Itinérance des données, wato Data roaming, kuma in wayar mai layi biyu ce, ki duba wane layi ne ke ba da data kafin ki buɗe hotunan kaya.

GA MASU TSARA JADAWALI

Kafin mu rufe, ga gargaɗi ga sakatarorin ƙungiyoyi da yaran shago da dillalai masu tura wa jama'a jadawali. Ku ba ku da ikon zaɓar burauzar da za ta buɗe a wayar wani, wannan na mai waya ne. Abin da ke hannunku shi ne gaskiyar allo. Ku rubuta cikakken adireshi a fili a gida na gaba, don mai karatu ya gani, kuma ko an buga a takarda ya yi amfani. Ku guji gajerun adireshi da kalmar danna nan. Kada ku haɗa mahaɗi da hoton rasit da ke cikin kwamfutarku kaɗai, domin in jadawalin ya tafi wayar wani, hoton bai bi shi ba, ƙofa ce ba ɗaki. Ku gwada a ƙaramar waya kafin ku tura, ku sa kwanan wata a sama, don kada a yi ciniki da farashin makon jiya. Ku kuma saba wa mutanenku da cewa jadawalinku ba zai taɓa neman lambar sirri ba, ta yadda ranar da na jabu ya shigo da sunanku za su gane.

Masu karɓa kuma, in jadawali ya buɗe a kwamfuta da wani rawayen layi a sama yana cewa Enable Editing ko Enable Content, kada a yi saurin dannawa in ba a san wanda ya aiko ba. Don duba farashi ba a buƙatar ko ɗaya daga cikinsu.

To jama'a, yau aikin gida guda biyu na ba ku. Kowa ya duba wayarsa a daren nan ya ga wace burauza ce ke kan layi, ya sa wadda ya yarda da ita. Sa'an nan wanda ya iya karatu ya zauna da wanda bai iya ba, a majalisa ko a rumfar kasuwar Jibiya ranar Lahadi, ya nuna masa yadda ake gane sunan mai gida a adireshi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

A nan za mu dasa aya. Wanda bai ji tasa wasiƙar ba ya yi haƙuri, tana nan a layi. A ci gaba da aiko mana da tambayoyi, a rubuta su gajeru, a kuma faɗi irin wayar da ake riƙe da ita don amsa ta zo daidai. Sai mako mai zuwa war haka idan Allah ya kai mu. Allah ya ba da damina mai albarka, ya kawo kasuwa, ya zaunar da iyakarmu lafiya.